Moɗa da Gwangwani a Zauren Malam Isiyaku

Mu takwas ne a zauren ranar, kuma har yau ina iya nuna wa mutum inda kowa ya zauna. Akwai ƙanena, Malam Isiyaku, tsaye gaban allo da alli a hannu. Akwai Malam Sani tela, wanda shi ne ladanin masallacin unguwarmu a nan Tsiga, da Garba mai gyaran keke, wanda bakinsa ba ya hutawa. Akwai Bulus mai shanun huɗa da matarsa Rifkatu, Kiristoci ne daga unguwar bayan rafi. Akwai baƙi biyu da suka zo kan babur ɗaya daga Funtua, ɗaya da babbar riga da hula, ɗaya da wando da 'yar shat, kansa a buɗe. Sai ni, Delu, a bakin ƙofar shiga cikin gida, da ƙwaryar gyaɗa a cinya ina ɓara. Sauran 'yan ajin duk sun tafi cin kasuwar Bakori.

A watan nan Isiyaku ya cika shekara goma a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Matarsa Hajara, wadda ke koyarwa a firamare, ita ta ce ya kamata a tuna da shi a jarida. Na ce in dai za a tuna, to ni zan faɗa, domin na san abin da wasu za su rubuta: mutum ne mai haƙuri, mai fara'a, ba ya faɗa da kowa. Ni da na goye shi na san ba haka ba ne. Yana faɗa, murya ce kawai ba ya ɗagawa. Ban san baƙi ko ɗaya na boko ba. Ina faɗa Hajara na rubutawa, kuma na sa ta karanta mini daga farko, don kada ta gyara mini hali a takarda.

Mahaifiyarmu ta rasu ba a yaye shi ba, ni kuwa ina ɗakin miji. A bayana ya girma. Da aka zo ɗibar yara boko, ni ce na ɓoye shi a rumbu kwana biyu, har 'yan dagaci suka gano shi da tarin da ƙaiƙayin dawa ya sa shi. Ni ce kuma daga baya na riƙa soya masa ƙuli-ƙuli yana tafiya da shi makarantar horon malamai. Da mijina ya rasu, shi kuma aka dawo da shi koyarwa garinmu, sai ya zauna a gidana. Ban taɓa haihuwa ta tsaya ba. Shi ke nan ɗana, kowa a Tsiga ya san haka.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, sai manya ma abin ya taso musu. Buhun taki da Turanci, gwangwanin maganin feshin auduga da Turanci, katin asibiti da Turanci. Isiyaku ya buɗe musu aji a zaurena da rani, tsakanin Azahar da La'asar, kwana uku a mako. Malam Sani yana so ya karanta littafin da ya zo da sabon keken ɗinkinsa. Garba ya ce shi so yake ya gane in 'yan kwaleji na zaginsa. Rifkatu, mace ɗaya tilo a cikinsu, tana neman aikin taimaka wa ungozoma a ƙaramin asibiti, an ce sai ta iya karanta sunan magani.

Gidan da mutane ke taruwa dole a ajiye ruwa. Na kafa randa a kusurwar zaure, na rufe da faifai, na kifa moɗar duma a kai. A jikin bango kuma na kafa ƙusa, na rataye wani tsohon gwangwanin madara da na sa aka yi wa mariƙi da waya. Moɗa ta Musulmi ce. Wanda ba Musulmi ba ya ɗauko gwangwani, a tsiyaya masa daga sama, kada baki ya taɓa baki. Haka na tarar uwata na yi wa masu kawo mana itace daga ƙauye, haka maƙwabtana ke yi, ban taɓa zama na tambayi wani malami ko akwai haka a littafi ba. Kuma ban ƙi Rifkatu ba. Da ta haihu na je barka da sabulu da man gyaɗa. In ta kawo shinkafar Kirsimeti nakan karɓa hannu biyu, in yi godiya, in ta juya in juye wa kaji. A lokacin ina ganin wannan iyakar mutunci ke nan.

Isiyaku ya yi wata biyu bai tayar da maganar gwangwanin ba. Rannan yana cin tuwo ina zaune gefe, ya ce, “Yaya, hedimasta ya ce akwai ɗaki a gidajen malamai. Ƙarshen wata zan koma can da ajin.” Na tambaye shi abin da zaurena ya yi masa. Ya ce zaure bai yi komai ba, shi ne dai ba ya iya tsayawa yana koya wa mutane, gwangwanin nan na lilo a bayansa. Na ce gida nawa ne, randa tawa ce. Ya ce gaskiya ne, shi ya sa shi ne zai tashi. Ya suɗe hannu ya yi godiya kamar kullum.

A lokacin an riga an sa ranar aurensa da Hajara. Na sa an yi wa ɗakin amarya yaɓe da daɓe, na saya mata randa sabuwa. Yanzu ga shi yana cewa amarya za ta tare a gidan gwamnati, ni in zauna da kaji. Amma ban sauke gwangwani ba. Na ce a raina yaron da na yi wa tsarki ba zai koya mini tsarki ba. Saura kwana tara wata ya ƙare, baƙin nan suka zo.

Bazara ce, irin wadda ko akuya ba ta motsi. Mun san mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci zai zo daga Funtua, ba mu san da wani zai zo ba. Ni kuwa abin da nake taƙama da shi a duniya ido ne. Nakan kalli mace daga nesa in san tana da ciki kafin uwarta ta sani. Nakan kalli mudu in san an buga masa gindi. Da suka sauka daga babur na dube su sau ɗaya. Mai babbar riga ya yi sallama cikakkiya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi zafi, ya tambayi gida, Isiyaku ya ce da shi, “Sannu da zuwa, Malam Audu.” Mai wando kuwa agogo a hannu, biro uku a aljihu, suka yi ta yi da Isiyaku da Turanci. Ban tsaya tambaya ba. Na cika moɗa na miƙa wa mai riga, na sauko da gwangwani na tsiyaya wa mai wando. Ya karɓa, ya juya shi ya dubi hoton saniyar da ke jiki, ya shanye, ya ce, “Na gode, Gwaggo.” Na lura Hausarsa ta fita sarai, amma na ce zaman Funtua ne. Isiyaku ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya juya ya shiga goge allon da babu komai a kansa.

Darasin ranar kalma ɗaya ce daga littafin karatunsu, doguwa, ta cinye rabin allo. Hajara ta ce yunibasalizim ake cewa. Ni dai na riƙe ta da sunan da Garba ya sa mata, kalmar kowa-da-kowa. Isiyaku ya ce Bature na amfani da ita wuri uku, kuma mai koyon Turanci in bai san ukun ba zai karanta abu ya ɗauka wani ake nufi. Ya ja layi uku a allo.

Ta farko, ya ce, magana ce ta wasu masu addini a can ƙasashen Turawa, da suke ganin rahamar Allah za ta game kowa a ƙarshe, ba wanda zai dawwama a wuta. Malam Sani ya nemi tsari da ƙarfi ya gyara zama. Bulus ya girgiza kai ya ce ba dai a cocinsu ba, su ba a koya musu haka ba. Garba ya tafa hannu.

“Yau ga abin da ban taɓa gani ba. Ladan da Bulus sun shirya. Sun yarda akwai wuta, saura su zauna su raba wanda zai shiga.”

“Kai ne na farko,” in ji Malam Sani, “da facin da ka yi mini bai kai ni Bakori ba.”

Har mai wando sai da ya yi dariya. Isiyaku ya bari suka lafa, sannan ya ce shi ba fatawa ya zo bayarwa ba. Aikinsa ya gaya musu abin da mai kalmar ke nufi in ya faɗe ta. Ko daidai ne ko kuskure, kowa na da malaminsa, ya je ya tambaya.

Ta biyu, ya ce, ana faɗarta ga addinin da kiransa na dukan 'yan Adam ne, ba na ƙabila ɗaya ko gari ɗaya ba. Nan Malam Sani ya ce ai wannan Musulunci ke nan, Bulus ya ce ai wannan bishara ke nan, suka shiga ja kamar masu rigimar iyakar gona. Garba ya ce shirin bai kai ko rabin sa'a ba.

Ta uku kuwa ba ta coci ba ce, ba ta masallaci ba, ta zaman duniya ce. Ya ce ita ce ganin cewa abin da yake zalunci in an yi maka, zalunci ne in an yi wa kowa, ko daga ina ya fito, ko ina yake fuskanta in zai yi ibada. Ya ba su misali da sikelin kasuwar auduga. In ma'auni ya nuna nauyi ɗaya ga buhun Sani, ya nuna wani ga buhun Bulus alhali auduga ɗaya ce, ba wanda zai ce al'ada ce, kowa zai ce sikeli ya lalace ko an lalata shi. A kan wannan ba wanda ya yi gardama, don duk cikinsu ba wanda bai taɓa tsayawa a layin awo ba. Ya sa kowa ya haɗa jimla da kalmar. Ta Garba ba ta haɗu ba. Ta Rifkatu mai wando ya sa ta maimaita, ya rubuta a littafinsa. Ni ina ta ɓarar gyaɗa. Na san wa ake yi wa misalin sikeli, amma ko kaina ban ɗaga ba.

Sai Malam Sani ya dubi inuwa ya tashi kiran La'asar. Mai wando ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya juyo gare ni.

“Gwaggo, a taimake ni da buta.”

Na tsaya da gyaɗa a hannu. Isiyaku ya ce, a hankali, yana kallon ƙasa, “Yaya, Alhaji Lawal ne. Mahaifinsa limami ne a Malumfashi.” Na waiga wajen mai babbar riga. Yana zaune daram bai motsa ba, Bulus ya matsa kusa da shi yana ce masa Fasto, suna maganar wani aji irin wannan da faston yake so ya buɗe a ƙauyensu wajen Maska. Abin da ya kawo shi ke nan, Alhajin ya rage masa hanya.

Na kawo buta. Alhajin ne ma ya ja su salla, ina jin kabbararsa daga zaure. Ni kuwa na yi tawa a ɗaki, Allah ya yafe mini, ban san raka'a nawa na yi ba. Na ba ɗan limami, mutumin da ya taka Arfa, gwangwanin madara. Na ba fasto moɗar da nake sha da ita.

Da suka dawo na fito don in ba da haƙuri, ban san ta inda zan fara ba. Alhaji Lawal ya riga ni. Ya miƙa hannu ya sauko da gwangwani daga ƙusa da kansa, ya ce, “Gwaggo, ƙara mini a nawa.” Garba ya faɗi kan tabarma yana riƙe ciki. Na ce Alhaji ya yi wa Allah ya ajiye, ban sani ba ne, shigarsa ce ta ruɗe ni. Ya ce ba komai, a ofis ma haka suke fama. Malam Audu, wanda ya gane komai tun shan farko, ya ce cikin ladabi, in moɗar ta tashi daga aiki kada a yar, a ba shi, matarsa ta daɗe tana neman mai faɗin baki irinta. Kowa na dariya, ni ma na soma jin sauƙi, na ɗauka a nan abin zai tsaya.

Rifkatu ce ba ta yi dariya ba. Tana ɗaure littafinta a gefen zane, ta ce, ba da ƙarfi ba, “Inna, ni ban taɓa jin zafin gwangwanin nan ba sai yau. Da na ɗauka tsari ne kawai na gidanki. Yau na ga kunya kika ji da kika ba mutum shi.”

Ta yi sallama ta bi mijinta. Alhajin ya sa hannu a takardar ajin, ya yaba, suka hau babur.

Shekara goma sha biyu ke nan da wannan rana, kuma abubuwa sun sauya. An ba mu jiha tamu, mun daina cewa Kaduna. Masara ta kori dawa daga gonaki da yawa. Yaran da Isiyaku ya koya wa baƙi yanzu su ke karanta wa iyayensu buhun taki. Rifkatu ta sami aikinta, rabin yaran unguwar nan ta hannunta suka faɗo duniya, har da na Malam Sani. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga lasifikar da aka ɗaura ko'ina, kowa na wa'azi da kaset, kowa ya san wanda zai shiga wuta da sunansa da unguwarsa. Ina jin zai ja layi uku ne a allo, ya ce a fara sanin wace magana ake yi kafin a ɗaga murya. Rikicin addinin da ya faru a Funtua bara ba zan maimaita shi ba, wanda ya gani ya gani. Abin da na sani, a makon rikicin Bulus a shagon Malam Sani ya riƙa wuni, suna gardamarsu ta kullum, ba wanda ya zo ya ce masa tashi.

Kada mai karatu ya ɗauka na zama mai cewa duk addini ɗaya ne. Ban zama ba, Isiyaku ma bai taɓa cewa haka ba, da sallarsa da azuminsa ya koma ga Allah. Ma'anar farko ban karɓe ta ba har gobe. Ta biyu na bar wa Sani da Bulus, ba za su gama ba. Ta uku ce ta kama ni, kuma ba a allo ta kama ni ba. Lahira ta Allah ce, shi ya san yadda zai yi da bayinsa, bai ba ni rabon ba. Randa ce tawa, ita za a tambaye ni. Daga baya na tambayi limaminmu ko akwai inda aka ce a ware wa wani abin sha, ya ce shi bai gani ba, ya kuma tambaye ni me ya sa sai yanzu nake tambaya.

Isiyaku bai tashi daga gidana ba. Hajara ta tare a ɗakin da na yi wa daɓe, a nan ta haifi 'yarsu, a nan kuma ciwon hanta ya kwantar da shi bayan shekara biyu, ya cika kansa na kan cinyata. Bai bar gona mai yawa ba, bai bar gida nasa ba. Ya bar mutanen da in sun ga doguwar kalma ba sa tsoronta, sukan tambaya a wane wuri aka faɗe ta. Ya kuma bar tsohuwa guda da ta daina yarda da idonta ɗari bisa ɗari, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ya san ni.

A yammacin ranar da baƙin nan suka zo, bayan sun tafi, na koma zaure. Na ɗauki moɗar na kai ta bakin rijiya da niyyar in wanke ta da toka. Na juya ta, na shinshina, na duba bakinta inda faston ya sha. Moɗa ce, yadda na san ta. Na ɗauraye ta kamar kullum na mayar kan faifai.

Da gari ya waye, bayan na ɗora koko, na yafa mayafi na bi hanyar rafi. Ban taɓa wuce ƙofar gidan Bulus na zauna ba, ko ranar barka a tsaye na miƙa sabulu. Na tarar Rifkatu tana shara. Ta ga ni ta saki tsintsiya, ta ɗauka mutuwa aka yi. Muka gaisa, na tambayi yara, na tambayi shanu. Sannan na zauna kan turmi na ce mata ƙishi nake ji.

Ta shiga ɗaki ta soma buɗe kwalla tana neman sabon kofi cikin kayan aurenta. Na ce ta bari, ta ba ni da wanda suke sha. Ta ɗebo a wani kofin roba shuɗi, bakinsa duk sawun haƙoran yara. Na yi bisimilla na shanye tas, na miƙa mata, na ce ruwanta ba sanyi, ta janye randar nan daga rana ta zuba mata yashi a gindi, kuma jibi akwai aji, kada ta makara.